Layi Uku da Na Rubuta wa Ɗanliti

Ɗanliti ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni da shekara huɗu. Dillalin dabbobi ne a kasuwar Guci. Tun daga aji shida ya bar lakwal, makarantar boko, wai zaman benci ya ishe shi. Ni kuwa na zarce har Yamai, na dawo da diplom, ina koyar da Ingilishi a kolej ɗin Waca. A dangi kaf ni ake kira Mushe, wato malamin boko, kuma duk takardar da ta zo da Ingilishi, ko ta kwalbar magani ce, wurina ake kawo ta. Haka muke kafin Ɗanliti ya shigo mini gona.

Rakiyar shanu zuwa Maigatari ce ta haɗa shi da fataken kudancin Najeriya. Ya fara da Ingilishin ciniki, daga baya ya sayo wani tsohon ƙamus marar bango. Kalmomin halin mutane su suka tafi da hankalinsa. Yana da wata ƙa'ida tasa: ba ya haddace kalma sai ya samo mata mai ita. In ya tsinci kalmar da ake faɗa wa mai shirun jin kai, sai ya zaga kasuwa har ya ga wanda ta dace da shi, ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya maimaita ta a ransa. In ba a samu mutum ba, dabba ma ta isa. Akwai wani baƙin bajimin Alhaji Gajere da ya kwashi kalma huɗu shi kaɗai.

Da fari dariya nake masa, irin ta taubasai. Dariyar ta ƙare ranar sunan ɗiyarsa Kausar, da ya tambaye ni a gaban mutane, da zuciya ɗaya, me ya raba kalmar mai saurin fushi da saurin hucewa da ta mai riƙo. Ni kalma guda na sani ta fushi. Na ce lokacin salla ya yi, na miƙe.  Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba. Shekara goma sha ɗaya ina shan ƙurar alli, ga mutumin da aikinsa duba haƙoran tumaki ne ya sha gabana.

Bara bayan girbi wani furoje, wato shirin tallafi, na lafiyar dabbobi ya buɗe biro, ofishinsa, a Magarya. Shugabar furojen likita ce daga gabashin Afirka, Faransancinta bai taka kara ya karya ba, sai Ingilishi. Tana neman tafinta wanda zai faɗa mata maganar makiyayi, ya kuma faɗa mata halin da mutumin yake ciki, ko tsoro ne, ko kunya, ko raini. Ɗanliti yana matuƙar bukatar aikin, domin wani sa ya taɓa taka masa ƙafa, tsayuwar kasuwa daga safe zuwa la'asar ta fara gagararsa. Da yake ba shi da diplom, sai suka ce ya kawo takardar shaida daga malamin Ingilishi, wadda za ta bayyana halinsa.

Ran Juma'a ya iso gidana da zabi biyu. Ya ce, "Mushe, kai ka fi kowa sanina. Ka rubuta ni yadda nake."

Na san shi kuwa. Kalmomin ma na san su, domin tun ranar sunan nan nake bin ƙamus a ɓoye don in kamo shi. Ina da kalmar mai lura, da ta mai riƙon amana, da ta mutumin da ke kwantar da rigima ba tare da ya ɗaga murya ba. Duk nasa ne. Na ɗauki bik zan rubuta, sai na hango shi a farar motar furoje, dangi suna kai masa takardunsu. Na rubuta layi uku: mutumin kirki ne, yana da ladabi, yana ƙoƙari. Ɗalibin shekarar farko ma zai iya rubuta su. Aka buga tampo, hatimin kolej, na liƙe ambulan na ba shi.

Wani mai diplom daga Damagaram aka ɗauka. Aka maido wa Ɗanliti takardunsa, har da tawa a buɗe.

Kasuwar da ta biyo ya hango ni, ya ja ni bayan turakun shanu inda ba kowa. Na shirya wa zagi, har ina fatansa. Sai ya dafa kafaɗata.

"Na karanta, Umar. Kada ka sa a ranka, ba laifinka ba ne. Iyakar abin da suka koya muku ke nan a lakwal. Ka riƙa zuwa ran kasuwa in nuna maka yadda nake yi. Ba wanda zai sani."

Kalma ɗaya za ta gyara zatonsa. Amma na gwammace ya ɗauke ni jahili da ya san abin da na yi masa. Na ce to. Har yau ina zuwa Guci kowane mako, yana tsaye cikin rana yana koya mini kalmomin da na riga na sani.