Kariyar Malam Ilu ta yi fure

Shekara goma sha biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran abokina Malam Ilu Badamagare, kuma gara in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Da yana raye cewa zai yi ba abin mamaki, ai Bakano ne.

Rumfarmu ɗaya a kasuwar Roxy ta unguwar Adjamé, nan ƙasar baƙunci, shi tabarmin roba, ni takalma. Wata shekara ya dawo daga ganin gida da wani kututture a buhu, gindi kamar tulu, rassa gajeru, ba ganye ko ɗaya. Na dube shi da idon ilimi, domin na yi aji uku a firamare, na yanke hukunci cewa rogo ne ya kumbura. Ya ce kariya ce, ta kan duwatsun garinsu, kuma ruwan jikinta dafi ne, ko akuya ba ta kula ta. Ya dasa ta a rabin garwa, yashi da tsakuwa zalla, ya ajiye a gidan da yake haya a unguwar Williamsville, inda rana ke samunta amma ruwan sama ba ya kai mata. Da rani takan zubar da ganye, ta fito da jan fure mai farin ciki, bakinsa buɗe kamar kakaki. Sai ya zauna gabanta yana kallo, ni kuma ina tsokanarsa cewa ya ƙi kiwon rago ya kama kiwon ice.

Da ya rasu, maiɗakinsa Hajiya Zinaru ta koma wurin ɗanta a unguwar Treichville, gidan sama, ba tsakar gida. Ta miƙo mini garwar ta ce, "Alhaji, ka manta da ita. Kiwonta ke nan."

Amana kuma a manta da ita? Kullum bayan asuba sai na ba ta buta guda, na ƙara mata kashin kaji. Ta yi ganye shar, fure ko ɗaya babu. Har gindinta ya taɓa yin laushi, sai da na yanke ruɓaɓɓen wurin, amma ban daina ba. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Nakan tambayi kaina me Ilu zai ce da Adjamé ta yau. Rumfarmu wayar salula ake sayarwa a cikinta. Waɗanda muke cin goro tare, wasu sun koma gida, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. Yaran gidanmu in na yi musu Hausa, da Faransanci suke amsawa, su kira ni tonton, wato kawu. Ba wanda ya rage da zai zagi Kanawa in ji daɗi.

Bana da gari ya rikice, famfo ya ƙafe, ruwan alwala ma sai da lissafi, balle na ba ice. Ina ji ina gani ta zubar da ganye ta koma kututture, na ce shi ke nan, na kashe amanar Ilu. Wata safiya na fito sai ga jan fure a kan kowane reshe. Na waiga in nuna wa wani, ba kowa.

Abin da ya rage na mutumin ke nan. Bai bar gida ba, bai bar rumfa ba. Ya bar ice ɗaya da ya zo baƙunci ya ƙi sake hali, kamar mai shi.

Da hanya ta buɗe na haye gada zuwa Treichville da fure ɗaya a aljihu. Na ajiye gaban Hajiya, na gyara murya na ce, "Kin ga aikin hannun Bakano."

Ta juya furen ta ce, "Aikin famfo dai. Shekara nawa ina ce maka ka bar ta?"

Na ce, "Hajiya, ya zan zauna ina kallonta da ƙishirwa?"

Ta ce, "Ita ba ta taɓa jin ƙishirwa ba, Alhaji. Kai ne ba ka da wanda za ka gaisar da safe."