Mama Lois da Ranar da Aka Hura wa Wamo Wuta

Kafin gajimare ya ɗaga daga kwarinmu na Siane, Mama Lois Komane ta riga ta hura wuta, ta tura dankali cikin toka, ta watsa wa aladunta ganye. Sai ta ɗauki guntun ƙarfe ta buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bakin cocin Anglikan na ƙauyen Norifa. Matan zumunta su taru, kowacce da jakar saƙa rataye a goshi, su durƙusa kan busasshiyar ciyawa. Ba ta da doguwar addu'a. Mutane take kai wa Ubangiji ɗaya bayan ɗaya: wanda tari ya kwantar, wadda miji ya fasa wa baki, ɗan da ya tafi birnin Lae aka daina jin ɗuriyarsa. Da an ce amin, ta cika jaka da dankali da ganyen miya ta bi gidajensu.

Ranar Lahadin nan za ta sauka daga shugabancin zumuntar mata, gwiwoyi sun ƙi. Za a yi waƙa, a gasa alade, a yabi haƙurinta. Amma akwai ranar da ba wanda zai ambata a wurin taron, domin rabin mazan da za su ci naman suna wurin a ranar. Ita ya kamata a faɗa.

A nan, in tsoho ya mutu, an ce kwana ya ƙare. In yaro ne ko mai jini a jika, kafin gawa ta huce wani ya tambaya, "Wa ya ci shi?" Daga nan duk matar da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, dangin ubanta suna nesa, sai ta san ita ake kallo. Ta zo makoki, a ce ta zo kallon aikinta. Ta ƙi zuwa, a ce ta tsargu.

Shekarar da abin ya faru, gawar a gidan Mama Lois take. Jikarta Hilda ce, 'yar ɗanta Banabas, yarinyar da ke kwana a bayanta tun da aka yaye ta. Zazzaɓi ya kama ta ranar kasuwa, kafin a gama shawarar ɗaukarta zuwa asibiti ta cika. Mama Lois ta shafe fuska da hannuwa da farar laka irin ta makoki, ta zauna a gefen akwatin, ba ci ba sha.

Washegari da hantsi, Dorkas, mataimakiyarta a zumunta, ta shigo ta durƙusa kusa da kunnenta. 

"Mama, sun kama Wamo."

"Su wa?"

"Samari. Wai an ga ta ba Hilda rake a kasuwa. Sun ja ta filin ƙwallo, sun kunna tayoyi."

"Ina Fada, limamin cocinmu?"

"Yana ƙetaren kogi tun shekaranjiya. Mama..." Dorkas ta rage murya. "Banabas ne a gaba."

Wamo gwauruwa ce, daga wani kwari aka auro ta. 'Yarta ɗaya, tana aure a Lae. Ita ke share coci duk Asabar, kuma duk yaron da ya wuce ta gabanta a kasuwa sai ta karya masa rake.

Mama Lois ta dubi matan da suka cika ɗakin. Ta ce, "Ku tashi mu je." Kowacce ta sunkuyar da kai. Ba mugunta ba ce. Duk sun san wadda ta buɗe baki don mayya, ita ce ta gaba. Dorkas da wata tsohuwa mai suna Mildred kaɗai suka miƙe.

Dorkas ta ce har yau ba ta manta tafiyar nan ba. Ba wata jaruma ta gani a gabanta ba. Tsohuwa ta gani, tsoro ya cika ta, har ta faɗi a gangaren makaranta sai da suka ɗaga ta. Tun daga nesa suke jin warin roba, da wata ƙara da ba su taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba.

Filin ya cika, har da masu goyo. An tuɓe Wamo, an ɗaure ta a kan kwanon rufi. Ƙarafa na cikin wuta sun yi ja. An riga an sa mata ɗaya a cinya, an sare mata yatsu da adda, ana ce mata ta faɗi inda ta ɓoye zuciyar yarinyar.

Mama Lois ta nufi kwanon kai tsaye. Ta ratsa mutane, ta kwance mayafinta ta rufe tsiraicin Wamo, ta kwanta a kanta rub da ciki.



Banabas ya matso da ƙarfe a hannu, idanunsa kamar garwashi. "Mama, tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Jikarki ta cinye! Kin manta wa ke kwance a ɗakinki?"

"Ni na wanke ta, Banabas. Kai za ka tuna mini?"

Wani daga baya ya yi ihu, "Ku janye tsohuwar nan! Ko tare suka ci naman?" Aka yi sowa. Wani saurayi ya kama ƙafarta ya ja, ta ƙanƙame Wamo. Cikin kokawar ƙarfen Banabas ya sauka a damtsenta. Waɗanda ke kusa sun ji ƙaurin fata. Ta ƙwalla ƙara, amma ba ta saki ba.

Daga baya ta gaya wa mata cewa duk addu'o'in da ta haddace tun tana yarinya sun gudu daga kanta. Abu ɗaya ya rage a bakinta: "Ubangiji, ka yi jinƙai." Shi ta dinga maimaitawa da bakinta a gashin Wamo. Dorkas ta zube a gefenta ta kama addu'ar. Mildred ta kama. Can sai wata mata ta fito daga taron ta durƙusa, ɗanta na cikin masu riƙe da adda. Wata ta biyo ta. Ba su da yawa, kuma duk kuka suke, amma sun kewaye kwanon, ta yadda duk mai son kai wa Wamo hannu sai ya taka uwar abokinsa.

Kada wani ya ce mazan tuba suka yi. Ba su tuba ba. Banabas ya tsaya yana kallon damtsen uwarsa, ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa. Wani dattijo ya ce, "To, ku kwashi mayyarku. In rana ta faɗi tana ƙasar nan, har ku za mu haɗa."

Matan suka naɗe Wamo a bargo, suka rataya a sanda, suka bi hanyar dutse zuwa titi. Samari na biye da su daga sama, suna jifa jefi-jefi. Kowace kwana suka sha, sai sun zaci an tare gaba. A titi motocin haya suka dinga rage gudu, direba ya leƙo, ya ga ƙunar ya gane, ya taka mai. Da ƙyar wani mai ɗaukar buhunan kofi ya tsaya. Ya ce, "Ku shiga da sauri, iyayena. Ban gan ku ba, ba ku gan ni ba."

Mama Lois tana asibitin gari tana riƙe da kan Wamo aka binne Hilda. Ba ta ga an sa ta a rami ba.

Ke ce kika dawo, Mama, kika tarar an sare itatuwan kofinki, an soke aladunki an bar su ƙudaje na bi. Ke ce kika zauna a kasuwa da tulin dankali har yamma ba wanda ya taya. Yara suna ganinki su canza hanya. Kowane tari aka yi a ƙauyen sai gabanki ya faɗi, domin kin san sunanki ne yanzu a bakin mutane. 'Yar'uwarki ta aiko ki koma wurinta, kika ce in kin tafi wa zai buga ƙarfen safe. Kika buga shi kuwa, ko da mata biyu ne za su zo, hannunki a naɗe da tsumma.

Wamo ta rayu. Tana Lae wurin 'yarta, tana ɗingishi, ba ta sake taka Norifa ba. Banabas yana nan. In sun haɗu a hanya yakan ce, "Barka da rana," kamar yadda ake gaida baƙuwa, ya wuce. Tana sa shi a addu'a da suna, a gaban kowa.

Tun daga ranar ta ɗora wa zumunta wani aiki. Da an ji kukan mutuwa, mata su riga kowa isa gidan, su nemo wadda ba ta da kowa su sa ta a tsakiyarsu, su ci tare, su kwana tare har a watse. Ta sa an koya musu alamun zazzaɓi da na tarin fuka, don su iya cewa da ƙarfi, "Ciwo ne ya kashe shi, ga sunansa." Akwai matan da suka fitar da su ta bayan gari tun magana tana raɗa. A kwarin da ke maƙwabtaka da mu an ƙone mata bayan wannan. A Norifa ba a sake ba. Amma ba wanda zai rantse cewa an daina, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba.

Dorkas ce za ta gaje ta. Makon jiya ta same ta a bakin murhu ta ce, "Mama, ni fa matsoraciya ce."

Mama Lois ta yi dariya har da tari. "Ni da kika ɗaga daga ƙasa kike gaya wa? Tsoron ba ya zuwa ko'ina, 'yata. Tare za ku tafi."

Mun gode, Mama Lois, garkuwar marasa dangi. Mun gode a madadin Wamo, da waɗanda suke barci a ɗakunansu yau ba su san saura ƙiris ba. Mun gode a madadin samarin nan ma, da kika hana su kwana da ran mutum a wuyansu. Ubangiji ya sanyaya miki abin da ya ƙone, na damtse da na zuci.

Mu kuma da muka rage, kada mu tsaya a tafi da cin nama. A unguwar kan tudu akwai wani magidanci da ya kwanta tun damina, jikinsa kullum baya yake yi. An fara kallon matar marigayi wansa in ta zo ɗiban ruwa, ana yin shiru in ta iso. Mama Lois ba za ta iya hawa tudun nan ba. Ƙafafunmu ne suka rage.