Filashi a Ƙarshen Layi

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta shagonmu na kasuwar Suk Libya ya san Yaya Isiya ba ya ɗora mata manhaja sai ya shiga Bayos ya yi sallama. Bayos ɗin, ai kun sani, shuɗin shafin nan ne da ake shiga tun kwamfuta ba ta gama farkawa ba, inda ake gaya mata abin da za ta fara karantawa. Shi zaure yake ce masa. Sai ya gyara rawani, ya danna, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida," mai kwamfuta na tsaye yana waige-waige ko wani ne ya shigo.

Sallamar ba ta dame ni ba. Jerin da yake yi a cikin Bayos ɗin ne ya kusa sa min hawan jini. Yaya bisa shekaru yake jera su: gidan faifan sidi a sama, faifan ajiya na bin sa, filashi can ƙasa, wai jiya-jiya aka haife shi. A gonakin audugar Jazira aka raine mu, inda yaro ba ya sa hannu a tiren abinci kafin babba, kuma Yaya bai ga dalilin da zai sa a ɗauke wa ƙarfe wannan dokar ba. Ni kaina ƙanensa, da furfurata da jikokina, a shagon nan filashi ne.

To ga shi kwamfutocin yanzu ba su da gidan sidi, manhaja a filashi take zuwa. Masu kawo aiki suka fara zamewa wajen samarin ƙarshen layi, alhali shagon nan shi ke ciyar da gidansa da nawa a unguwar Dar Salam.

Wani malamin makaranta ya taso tun daga unguwar Kalakla da kwamfutarsa. Yaya ya soka filashi, ya kunna, tsohuwar manhajar da ke kan faifai ta tashi abinta. Ya sake, haka.

"Yaya, ɗaga filashin sama mana," na ce.

"Da babba a zaune? Ina!"

Sai ya ɗauko sukundireba ya kwance faifan ajiyar, ya ɗora shi a kan dardumar sallarsa, wai an ba dattijo uzuri. Filashi ya samu fili, manhaja ta fito tsaf, sannan ta ce ba ta ga inda za ta sauka ba. Yaya ya dubi malamin nan ko kunya babu.

"Ka gani, ya ustaz? An bar wa yaro gida, ya rasa inda zai sauki baƙo."

Na nuna masa maɓallin da ake dannawa filashi ya tashi sau ɗaya tak, ba tare da an taɓa jerin ba. Ya yi min kallon da rabona da shi tun ina satar rake.

"Wato tsallake katanga za ka koya min da tsufana, Sale?"

Sai kuma maganar IDE da AHCI, wato tsohuwar hanyar da kwamfuta ke magana da faifanta da sabuwar. Yaya ɗan IDE ne har ɓargo. Wani mai sana'ar bulo daga unguwar Aljirif ya kawo kwamfuta sabuwa dal, Yaya ya bincike Bayos sama da ƙasa bai ga IDE ba, ya rufe ta ya miƙa masa.

"Mayar musu, ya zol, bawan Allah. Ba ta da asali."

Mutumin ya rungumi abarsa ya nufi ƙarshen layi, ina kallon cefanen ranar yana tafiya.

Da na ga za mu kwana da yunwa, sai na mayar da la'asar lokacin aikina. Yana fita masallaci in shiga Bayos, in ɗaga filashi, in ɗora manhaja, in mayar da jerin yadda ya bar shi. Ya dawo ya tarar komai na tafiya, ya shafa gemu ya ce, "Kwayyis, madalla, faifan ya huce." Duk layin sun sani, har matar nan mai shayin bakin shago, da take ja masa hira da gangan in ban gama ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya hana ni sakat sai na kawo masa aiki gida. Na kai masa kwamfutar wata maƙwabciyarmu, na ɗora masa a cinya. Ya yi sallamarsa da ƙyar, ya daɗe yana kallon jerin nan, ya kasa danna komai.

"Sale, ɗaga filashin sama."

Na ce, "Sama da faifan, Yaya?"

"Faifan ya gaji. Kuma ka bar shi a can, ka daina wahalar mayarwa."

Wallahi ban iya ɗaga kai na dube shi ba. Na danna, ya tura min kwamfutar da makullin shago, ya juya fuskarsa bango.

Allah ya jiƙan Yaya Isiya, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sa ya tarar da masu amsa masa sallama.