Ranar da na ɗauko talabijin a ka

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar sanda ce a bakin ƙofar ɗakina, kuma ita ta jawo abin da ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Mai sandar surukina ne, mahaifin maigidana, tsohon alƙali. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Tun da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo maza suka tare a fadama wajen albasa da shinkafa, zaurensa na nan Wurno da a da ba ya rabuwa da mutane ya koma daga shi sai tasbaharsa. Shekara tara ina gidan, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Ni da ɗiyata 'yar shekara bakwai muna kallon wani wasan kotu da ake sa wa duk mako. Alƙalin wasan yana ɓoye gyaɗa a aljihu yana ci ana shari'a, ga wata lauya da ba ta iya kare mutum sai ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu. Ana cikin dariya kuma sai su kawo shari'ar da za ta sa ka hawaye.

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Ɗiyata, wane irin alƙali na wanga? Mi ya hana shi neman shaidu?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na dai shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, na ja gefe. Shi yana jin magana, ni kuma abin da ido ke gani nake gaya masa: ga shi ya watsa gyaɗa a baki, ga ta ta ɗaga takalmi. Tun ina yi a ciki-ciki har bakina ya sake. Kafin na talabijin ya yanke hukunci Baba ya riga ya yanke nasa, in suka saɓa ya buga sanda a ƙasa ya kira shi jahili, ya yi ta dariya har da tari.

Haka muka yi ta yi har aka sanar cewa wasan ya shiga zangonsa na ƙarshe. A wannan zangon alƙalin da kansa aka gurfanar, bisa wani gida da ya taɓa raba wata gwauruwa da shi ba bisa gaskiya ba. Na lura Baba ya daina buga sanda. Yakan matso da kunne, ya tambaye ni yadda fuskar alƙalin take.

Saura mako biyu a gama, Yaya, wan maigidana, ya dawo daga fadama ransa a ɓace. Wai ana yi masa shaguɓe cewa tsohon alƙali ya koma ƙyaƙyata dariya da matar ɗansa a kan wasan da ke wulaƙanta alƙalai. Ya ɗauke talabijin ɗin da batirin motar da muke kunna shi, ya kai ɗakin ajiyar albasa da ke cikin zaure. Maigidana ya ce shi ba zai iya ja da Yaya ba, ya tafi Rabah kai kaya. Baba kuwa cewa ya yi a bar shi. Mutumin da ya saba a roƙe shi ba zai roƙi ɗan cikinsa ba.

Amma da Juma'a ta zagayo sai ga shi ya lallaɓo ya zauna a bakin ƙofata, ya fuskanci teburin da babu komai a kai. Yana nan zaune har aka kira magariba. Ranar na yi kuka a madafa.

Juma'ar ƙarshe na yi sallar la'asar, na roƙi Allah Ya tsare harshena daga rashin ladabi, na sa hijabi na naɗa gammo. Ɗakin albasa a buɗe yake, Yaya da 'yan sari suna ɗinke buhuna. Na yi sallama na wuce su, na ɗora talabijin a ka kamar tulu.

Yaya ya miƙe. "Ke, ba ki jin kunya?"

Na ce, "Ina ji, Yaya. Shekara tara nike jinta, Baba ko shina zaune shi ɗai. Albasarka sau biyu kaka zuwa dubinta kullum. Yaushe rabonka da zama wurin Baba har ya yi dariya?"

Na kai talabijin ɗaki, na komo na rungumo batirin, babu wanda ya tare ni.

A ƙarshen wasan alƙalin ya cire hularsa, ya taka har ƙofar gwauruwar nan ya yi sallama. Tana daka, ba ta ɗago ba. A haka aka rufe. Baba ya tambaye ni ko ta yafe masa, na ce ba su nuna ba, yana nan tsaye a bakin ƙofa.

Can ya ce shi ma akwai wata, tun yana alƙalanci wajen Goronyo. Ya karɓi shaidar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, ya raba ta da gonarta, gonar kuwa yanzu tana ƙarƙashin ruwan dam, babu abin mayarwa. Ya ce in kira masa Yaya. Washegari Yaya da kansa ya kai shi Giyawa a mota wurin 'ya'yanta. Abin da aka yi a can babu wanda ya gaya mini. Na dai san da damina ta zo Baba ya rasu, Allah Ya gafarta masa.

Har yau ina girmama kunya, na kuma koya wa 'ya'yana ita. Amma na gane cewa kunyar da za ta bar tsoho shi kaɗai da nauyi a zuciya, tsoro ne kawai ya ari sunanta. Ɗiyata ma ta riga ni ganewa. A ranar, bayan kowa ya watse ina kwance gammo, ta kama hannuna ta ce, "Inna, kin gaya ma Baffa gaskiya kina dubinai, kuma babu abin da ya same ki."