Kyamara a Cikin Randar Iya Gambo

Ƙarshen bazara ne, shekarar 1977, kuma ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. Kullum hadari sai ya haɗu ta wajen dutsen Zuma, ya yi baƙi, ya watse ba ɗigo. Garin ma haka yake. An ce za a gina babban birni a gefenmu, har sunan garinmu za a ba shi. 'Yan safiyo suna ta wucewa da ƙarafunan awo, kowa na tambayar wa za a tayar, wa za a bari. Ba mai zama da gindinsa.

Ku da kuke ɗaukar fim yanzu kuna ganin abin da kuka ɗauka nan take, sai na yi muku bayani. Maigidana a wurin aiki shi ne Malam Ɗanlami, tsohon mai nuna majigi da ya ajiye aikin gwamnati ya sayi kyamara ta hannu. Wani ake yi mata kamar agogo, ta yi kusan rabin minti ta tsaya. Nadin fim ɗaya bai cika minti uku ba, kuma in haske ya taɓa shi kafin a wanke, ya tafi ke nan. Shi ya sa ake da baƙar jaka mai hannuwa biyu, a cikinta ake buɗe kyamara in ta sami matsala.

Ni an ɗauke ni ne don na yi ajin yaƙi da jahilci, ina rubuta lamba da kwanan wata a kan gwangwanin fim. Daga baya Malam ya koya mini riƙe kyamara da zura fim, saboda gidajen da namiji ba ya shiga.

Ranar muna unguwar Wambai, gidan Iya Gambo, tsohuwa mai saƙar gwado. Idonta ya yi rauni, ɗanta kuma zai tafi da ita Minna washegari, a kwance masaƙar. Nadi ɗaya ya rage mana. Malam ya zura shi a gurguje a zaure, ya miƙo mini, yana leƙen sama.

Na yi wa kyamarar wani sau huɗu lafiya. Na ɗauki hannuwanta, na ɗauki zaren yana shiga yana fita. A na biyar sai ƙarar ta sauya. Duk mai keken ɗinki ta san wannan ƙara, ta zare in ya cukurkuɗe a ƙasa. Na ɗage yatsana, na je bakin zaure.

"Malam, ina jin fim bai kama ƙaramin faifan da ke nannaɗe shi ba. Ya taru a ciki."

"Kar ki buɗe, Malama Asabe. Kawo nan."

Na kai masa. Ya kara a kunne, ya zazzage akwatinsa sau biyu. Baƙar jakar tana cikin motar kayanmu da ta wuce Garam da safe. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"In mun jira mota ruwa ya sauko. In mun buɗe, duk abin da kika ɗauka ya ƙone. Ɗakunan gidan fa?"

"Duk rufin kwano ne mai huji, Malam. Rana na tsiyaya ta ko'ina."

Na koma ciki da ita a hannu kamar jinjiri marar lafiya. Iya ta ji tafiyata.

"'Yar nan, idon ƙarfen naki ya makance ne? Ya zo mu yi zumunci."

Na gaya mata duhu nake nema, duhun da ko ƙwayar haske babu. Ta ce ai wannan ba abin nema ba ne. Ta nuna mini wata sabuwar randa a kusurwar ɗakinta, wadda ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Na shafa cikinta, a bushe. Na kwantar da 'yata Hadiza da ke bayana, na cire warwarona, na sa kyamarar a cikin randar. Muka ninka gwado biyu da baƙin zanena muka rufe bakin, muka ɗaure da igiya, muka bar inda hannuwana za su shiga kawai. Iya ta naɗe damatsana da ɗankwalinta, ta danne gefen da tafukanta.

Na zare makullin murfin. Fim ya yi tsalle ya cika mini hannu, sanyi, santsi, ba kai ba gindi. Daga bayan katanga Malam yana ta magana.

"Malama Asabe, me ake ciki? Gefe za ki riƙe, ban da tsakiya. Kin ji? Hadarin ya taso fa."

"Ka bar ta, ɗan nan," in ji Iya. "Ko kai ka shigo ka ɗaura zane ka yi." Sannan ta sassauta murya. "Ke kuma rufe idon, ba ya yi miki aikin komai. Zare ne. Nemi bakinsa. Kar ki ja, bi shi za ki yi."

Na rufe ido. Na bi shi da yatsu, lanƙwasa bayan lanƙwasa, inda ya harɗe in ɗaga in zura, har na taɓo bakin. Na cusa shi a tsagar faifan, na dinga juyawa da yatsa ɗaya. Hadiza ta farka tana kuka, Iya ta miƙa ƙafa tana jijjiga ta. Ban san tsawon lokacin ba. Da na ji ya naɗu tam, na rufe murfin, na laluba makullin sau uku kafin in ce Iya ta saki.

Sauran fim ɗin ya ishe ni in ɗauki Iya tana yanke gwadon daga masaƙa. Ina ɗage yatsa iska ta taso, ruwan farko na shekarar ya sauko.

Sai bayan mako shida fim ya dawo daga wanki. Komai ya fito. Wuri ɗaya kawai, ƙiftawar ido, tambarin babban yatsana ya hau kan hannun Iya. Malam ya ce zai yanke. Na roƙe shi ya bari. Tun da na koyi rubuta sunana na daina dangwale, sai ga shi na dangwala a nan.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kaya za su yashe ka, kuma wanda kake ɗauka ba gunki ba ne, ka tambaye shi.

Amma washegarin ranar ban san ko fim ya tsira ba. Na yi sammako zuwa Wambai, na tarar motar da za ta kai Iya Minna ta riga ta tashi. Randar na zaure, an ce Iya ta bar wa mai idon ƙarfe. Na ɗora ta a ka, Hadiza a baya, na biya kasuwa na yanki baƙin yadi mai kauri. Kafin azahar na ɗinka tawa jakar, ninki uku. Na cusa kaina ciki a tsakar rana, na juya ko'ina, ban ga komai ba.