Taurarin da Maharazu ya kai wa mahaifinsa

Maharazu ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi ta Funtuwa. Da manomi ne a wani ƙauye yamma da Bakori. Shekarar da 'yan bindiga suka hana su kwana a gida, ya kwaso iyalinsa da mahaifinsa, Malam Buba, suka kama hayar ɗaki biyu a bayan tasha.

Malam Buba bai daɗe a Funtuwa ba shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. A ƙauye shi ake tambaya lokacin shuka, don ya san taurari kamar yadda ya san 'ya'yansa. Yanzu daga shimfiɗarsa ba ya ganin komai sai kwanon rufi.

Wata rana da bazara, bayan magariba, ya ce, "Kai, Kaza da 'ya'yanta ta kusa faɗuwa kuwa? In ta faɗi ruwa ya matso."

Maharazu ya fita tsakar gida ya ɗaga kai. Fitilun tasha da hayaƙin janareta sun dushe sararin. Ya ɗaga wayarsa ya ɗauka, hoton ya fito baƙi ƙirin.

Washegari ya nuna wa Almustapha mai gyaran waya a bakin kasuwa. Almustapha ya yi dariya, ya buɗe masa wurin ɗaukar hoton dare.

"Ka fita inda babu wuta. Ka jingina ta da wani abu, kada ka riƙe da hannu. In ka danna, ka bar ta sai ta gama da kanta."

Daren farko hannunsa ya taɓa wayar, taurarin suka fito kamar tsutsotsi. Dare na biyu gajimare ya rufe. A na uku ya tsaya a gefen wata gona kan hanyar Bakori, ya kashe babur, ya tokare wayar da hularsa a kan sirdi, ya riƙe numfashi. Da ya duba, sai ga su, 'yan ɗige-ɗige a cure wuri ɗaya can ƙasa ta yamma.

Ya durƙusa gaban shimfiɗar, ya buɗa hoton da yatsu biyu. "Baba, ku duba."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsan hannunsa mai lafiya yana ƙirgawa, leɓɓansa na motsi.

"Ita ce. Saura kwana kaɗan. A gyara garma." Sai ya tuna ba su da gonar da za a kai garmar. Can ya ce, "A gida ta saman rumbun Inna take faɗawa. Ka ɗauko mini daga can."

"In sha Allahu, Baba. Bari hanya ta yi kyau."

Daga nan duk daren da gari ya yi garau sai ya fita. Ya kawo masa Zara kusa da jinjirin wata, ya kawo masa Gamzaki da ya ɗauka kafin asuba. Tsohon ya riƙa faɗa masa sunayen da bai taɓa tsayawa ya koya ba lokacin da suke ƙauye. Malam Buba ya rasu da kaka, ana cikin karyar masara.

Bana aka ce an sami sauƙi, mutane sun fara shiga ƙauyen da rana. Maharazu ya bi wani maƙwabcinsu na da, mai suna Awaisu. Ya tarar ɗakunansu sun zube, ciyawa ta kai ƙugu, rumbun kakarsa dai yana tsaye ba jinka. Ya zauna a gindinsa da wayar a hannu, yana lissafin awa nawa suka rage rana ta faɗi.

Ana kiran la'asar daga wani ƙauye mai nisa Awaisu ya tayar da babur. "Malam Maharazu, taso. Ba a kai magariba a nan."

"Ko mutum ɗaya bai fara kwana ba?"

"Tukuna. Wataƙila baɗi."

Maharazu ya kakkaɓe rigarsa, ya mayar da wayar aljihu, ya hau bayansa.