Ranar da Kawuna Ya Ga Yayansa a Filin Rawa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya, gidan da nake haya a bayan katangar jami'a yake. Kusan kowace la'asar sai ganga ta tashi daga ciki. Da na tambaya aka ce mini ɗaliban sashen wasan kwaikwayo ne ke koyon rawa. Ni kuwa malamin lissafi, sai in yi tsaki in ce wai iyaye sun sha rana a gona sun turo yaro jami'a, shi kuma ya zo yana karatun rawa. Duk baƙon da ya zo gidana sai na yi masa wannan huɗubar, ina ji da kaina.

Ana nan, wata shekara aka kawo mini kawuna, yayan mahaifiyata. Manomi ne a wani ƙauye bayan Sabuwa. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, zuwa gona ya gagara, sai ya tattara iyalinsa ya koma cikin garin Sabuwa wajen babban ɗansa. Bai daɗe a can ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mahaifiyata ta kira ni daga Faskari ta ce, "Tunda asibiti na kusa da kai, ka riƙe mini shi. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu."

Kawu mutum ne mai kwarjini, ba ya wasa da sahun farko a masallaci, kuma tun muna yara in ya shigo gida muke nutsuwa. Amma mutumin da aka sauke mini daga mota ba shi ba ne. Likitoci sun ce in ya dage da gashi da motsa jiki ƙafar za ta iya dawowa. Shi kuwa ya ƙi. In matata ta kawo abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. In na ce mu tafi asibiti sai ya juya fuska bango.

"Ɗan nan, hannun da ba shi da gona, mi za a yi da shi in ya warke?" in ji shi. "Ku maida ni gida kawai. In mutuwa ce ta iske ni can."

Gidan da yake nufi ba Sabuwa ba ne, ƙauyen ne, inda ba kowa a lokacin sai kangaye. Na yi lallashi, na yi wa'azi, har limamin unguwarmu na ɗauko masa. Ya saurare shi da ladabi, liman na fita ya koma ya kwanta. Gaskiya na fara tunanin gawarsa zan mayar wa mahaifiyata.

Wata la'asar na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida don ya sha iska. Ina duba takardun ɗalibai sai gangar nan ta tashi. Na buɗe baki zan fara huɗubata ke nan, sai na ga Kawu ya ɗaga hannunsa mai lafiya, alamar in yi shiru. Ya karkata kai yana saurare.

"Wa ke gayya cikin birni?"

Na ce ba gayya ba ce, ɗalibai ne ke wasa.

"Wagga gangar noma ce," ya ce. "Kuma kiɗan garinmu ne. Kai ni."

Tun da ya zo bai taɓa neman a kai shi ko'ina ba. Na ruga maƙwabta na aro keken marasa lafiya, muka cicciɓe shi muka ɗora, na tura shi ta ƙaramar ƙofar jami'a muna bin sautin gangar.

Wani fili ne a ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Samari da 'yan mata sun yi layi-layi, kowa da galma a hannu, irin babbar fartanyar nan ta huɗa. Da ganinsu ka san yawancinsu ba su taɓa yin huɗa ba, wasu ma ko Hausa ba sa ji sosai. A gabansu akwai wata malama, dattijuwa mai farin gilashi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu tana tafa hannu tana ba su umarni. Na tsayar da keken a gefe.

Ganga ta sake tashi. Suka duƙa gaba ɗaya kamar masu huɗa, suka kafta, suka ɗaga, suka matsa gaba. Sannan suka miƙe suka cilla galmunan sama, suka juya, suka cafe. Ni da na zo da raini sai na kasa ɗauke ido daga kansu. A wajen juyawar nan kuwa akwai wani abu da suke yi: kowa sai ya karkata dama, ya sauke kafaɗa, ya ja ƙafar hagu a ƙasa har ta bar zane, sannan ya dire.

Na ji keken yana girgiza a hannuna. Na duba, sai na ga Kawu ya damƙe ƙarfen keken, hawaye na bin gemunsa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya dawo.

"Kawu, lafiya? In kira likita?"

Bai ko kalle ni ba. "Yaya," kawai yake cewa. "Yaya ne. La'ilaha illallahu, Yaya ne."

Malamar ta hango mu ta tsayar da kiɗa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko hayaniyarmu ta dame ka?"

Ya share fuska da hannun riga. "Hajiya, wa ya koya maku wagga rawa?"

Ta ce ita wajen malaminta ta koya, shi ma wajen nasa malamin. Abin da suka gada dai shi ne, can da daɗewa, lokacin da aka fara koyar da rawa a jami'ar, malamai sun riƙa shiga ƙauyuka suna ɗauko masu wasa su zo su koya wa ɗalibai. Wannan rawar wasu manoma ne daga ƙasar Katsina suka kawo ta. Ta ce ta yi cigiya ta gaji, ba wanda ya san sunayensu ko garinsu.

"Mu ne," in ji Kawu.

Ni na fi kowa buɗe baki. Kawun nan da ko rediyo aka kunna da waƙa sai ya ce a rage?

Ɗaliban suka ajiye galmuna suka kewaye mu, suka zazzauna a ƙasa. Kawu da ya yi makonni yana ƙirga kalmominsa sai ga shi yana zuba, duk da harshen bai gama sakuwa ba. Ya ce yana saurayi, ko aure bai yi ba, wasu mutanen jami'a suka iske su suna gayya a gonar mai gari. Bayan kaka aka turo babbar mota ta kwashe su, su 'yan kaɗan da makaɗinsu, suka yi rani guda a Zariya. Ya ce a nan ya fara ganin wutar lantarki, ya yi ta hura ƙwan fitila yana mamakin ƙin mutuwarta. Ɗalibai suka fashe da dariya.

Sannan ya tambaye ta, "Jan ƙafar nan da kuke yi wajen juyi, mi kunka ce ma'anarshi?"

Malamar ta ce abin da aka koya musu shi ne gajiyar manomi ce in rana ta yi yamma, ga jiki ya mutu ga aiki bai ƙare ba.

Kawu ya yi dariya, ta farko da na ji daga bakinsa tun zuwansa, dariya da kuka a haɗe. "Fassarar ta yi kyau, amma ba gajiya ba ce. Kurkunu ne."

Ya ce babban yayansu, wanda shi ne gwanin rawar a ƙauyen duka, kurkunu ya taɓa kama masa ƙafar hagu tun yana yaro, ta warke ta bar shi da ɗingishi. In zai juya sai ya jingina a dama ya jawo ta. Sauran duk tsalle suke yi su dire da ƙafa biyu. Amma da yake shi ke gaba, kuma ba mai cilla galma sama kamarsa, shi ɗaliban wancan lokaci suka zuba wa ido. Suka kwashe komai nasa, har abin da shi kansa yake jin kunyarsa.

"Mun koma gida ba da jimawa ba sanƙarau ya shigo gari, ya tahi da shi," in ji Kawu. "Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ko hoto bai bari ba. Na ɗauka daga ni sai ƙanwata munka rage masu tuna yadda yake tahiya. Yau ga shi na gan shi ya cika fili."

Malamar ta cire gilashinta tana goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Baba, to yanzu mu gyara? Mu koma tsalle da ƙafa biyu kamar yadda take tun asali?"

"A'a, a'a. Ku bar mani shi yadda yake." Ya dubi ƙafarsa da ke kwance a kan keke. "Ni ma ga shi na bi sahu. Shi hagu, ni dama."

Ya roƙi a sake yi. Aka sake. Wannan karon na lura ɗaliban ba kamar ɗazu suke jan ƙafar ba, a hankali suke yi, kamar masu tsoron taka wani. Da aka gama ya ce a miƙo masa galma. Wani saurayi ya ɗora masa a cinya. Ya shafa ƙotar da hannun hagu, sannan ya kamo hannun daman nan da ya ce ba shi da amfani, ya ɗora shi a kai, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar komawa gida ya ce mini, "Gobe ne ranar gashin nan?" Na ce e. Ya ce, "To a tahi da wuri, don mu samu la'asar a nan."

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Hannun bai dawo ba sai ɗan motsi. Amma ƙafar ta yarda, har ya kai yana zuwa filin da sanda, ni ina biye da shi riƙe da kujera. Ɗaliban suka maida shi kakansu. Ya tuna musu waƙar da ake yi da rawar, wadda ta ɓace musu tun tuni, su kuma suka nuna masa yadda aka ƙara mata shiga da fita don ta dace da dandali, ya ce wannan dabara ce, su ba su yi tunaninta ba. Ranar wasan ƙarshen zango aka zaunar da shi a gaba, malamar ta faɗi sunan yayansa da sunan ƙauyensu a gaban jama'a kafin a buga ganga. Ni kuma mai huɗubar karatun rawa, ni ne na hau kan benci ina ɗauka da waya, har wani ya ja mini riga ya ce na tare masa.

Da hutu ya zo na mayar da Kawu Sabuwa, na wuce Faskari. Na iske mahaifiyata tana tsince wake a tsakar gida. Ban gaya mata komai ba, Kawu ma ya ce kada in gaya mata. Na dai miƙa mata wayar na ce ta ga wasan yaran jami'a. Ta karɓa tana cewa ita ina ruwanta da wasan 'yan boko. Ta kalla, ta kalla, har aka zo wajen juyi. Sai na ga faifan ya sulale daga cinyarta, wake ya watse.

"Maido baya," ta ce.

Na maido.

"Haka yake zuwa ɗaukata daga bakin rafi," ta ce a hankali. "Ina kan wuyanshi, in ya ja ƙafar sai in yi kamar zan faɗi, in riƙe mashi kunne." Ta ɗago ta dube ni. "Su waɗannan 'ya'yan wa ye? A ina sunka san shi?"

Na ce ba su san shi ba. Ta ce, "Allah mai iko," ta ci gaba da kallo, kaji suna cin wakenta ba ta ko kore su ba.

Kawu ya rasu bayan 'yan shekaru, a Sabuwa, bai koma ƙauyen ba. A can yanzu ba a gayya, balle ganga, kuma waɗanda suka iya rawar duk sun kwanta dama. Har yau in na tuna sai abin ya cika ni da mamaki. Mutum ya yi rayuwarsa gajeriya a ƙauyen da ko hanyar mota babu, ya tafi ba ɗa ba jika, amma Allah ya ajiye tafiyarsa a jikin 'ya'yan mutane daga ko'ina, wannan ya koya wa wancan, ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi. Ni da nake ganin abin da aka rubuta a allo ne kaɗai ilimi, a filin nan na koyi rufe bakina.

Na bar Zariya tuni, malamar ma ta yi ritaya. Amma bara wata hidima ta kai ni, na bi ta bayan katangar da la'asar, sai na ji gangar. Na shiga na tsaya daga nesa. Sababbin fuskoki ne, ba wanda ya san ni. Wata yarinya sabuwar shiga ta yi tsalle ta dire da ƙafa biyu, sai matashin malaminsu ya tsayar da kiɗa ya ce, "A'a, ba haka ba. Ja ta za ki yi. Wannan ƙafar tana da mai ita."